Lambun Humayun Da Harabar Abubuwan Tarihinmu

Akwai wata al'ada da ta zama mana jiki a ƙasar nan, wadda mu ke so mu yi magana a kanta yau, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. In Gwamnati ko wata hukuma ta ƙudura niyyar kafa ginin tunawa da wani babban mutum, ko gyara wani abin tarihi da kakanni suka bari, sai a tattara kuɗin duka a zuba a kan ginin. A kira magina, a kira masu fenti, a sa rana. Ranar buɗewa a share fili, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a kafa rumfuna, manya su yi jawabi, kowa ya watse. Filin da ke kewaye da ginin kuwa ba mai tambayar abin da za a yi da shi. Kafin damina biyu ta wuce, gefe guda ya zama juji, gefe guda makanikai sun kafa gareji, awaki na kiwo a tsakani. Baƙon da ya yiwo tafiya mai nisa don ya ga abin, sai ya tsaya cikin rana tsaka ba inuwar da zai fake, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya juya.

Ra'ayinmu shi ne harabar abin tarihi rabinsa ce, kuma wajibi ne a tsara ta tun ranar da a ke tsara ginin, a ware mata kuɗinta dabam. Don kada a ce maganar fatar baki mu ke yi, bari mu kawo labarin wani wuri a birnin Delhi na ƙasar Indiya, inda aka tsara haraba da kyau tun farko, aka bar ta ta lalace, aka yi mata gyaran ganga-nzauna har sau biyu, sa'an nan a zamaninmu aka komo da ita hayyacinta.

Humayun shi ne sarki na biyu a daular Mughal, ɗan Babur wanda ya kafa daular, kuma mahaifin Akbar. Ya rasu a shekarar 1556, bayan ya faɗo daga matakalar ɗakin karatunsa. Matarsa Bega Begum, wadda a ke kira Haji Begum domin ta yi aikin Hajji, ita ta tsaya a kan ginin makwancinsa, aka ɗauko wani gwanin magini mutumin Farisa, Mirak Mirza Ghiyas, aka gama aikin wajen shekarar 1570. An yi ginin da jan dutse da farin marmara, tsawonsa mita 47, yana zaune bisa wani babban dandamali. Daga baya an binne 'yan gidan sarautar fiye da 100 a cikinsa. Shi ne kuma ya zama abin koyi ga Taj Mahal, wanda Shah Jahan, tattaɓa-kunnen Humayun, ya fara ginawa a 1632.

To, abin da ya sa muka kawo shi ba tsawon ƙubbarsa ba ne. Maginin nan bai ɗauki ginin a matsayin abu ɗaya, lambun kuma wani abu dabam da za a yi in kuɗi sun ragu ba. Ya auna fili murabba'i mai faɗin eka 30 ko kusa da haka, ya sa ginin a tsakiyarsa daidai. Ya raba filin kashi huɗu da manyan hanyoyi biyu masu gilma juna, kowace hanya da siririn magudanin ruwa a tsakiyarta. Wannan tsari shi Farisawa ke kira "char bagh", watau lambu huɗu. Sa'an nan kowane kashi aka sake yanka shi da ƙananan hanyoyi, har filin duka ya zama fangali 36, ginin ya ci huɗun tsakiya. Ruwan da ya taho ta magudani ya kan ɓace a ƙarƙashin dandamali, sai mai kallo ya gan shi kamar ya ɓullo ta ɗaya gefen, domin a tuna wa mutum koramun da ke gudana ƙarƙashin gidajen Aljanna. Aka kewaye gefe uku da katanga, gefe na huɗu, na gabas, aka bar wa kogin Yamuna, wanda a lokacin ya ke bi ta gindin wurin, ko da ya ke yanzu ya janye ya yi nisa.

Ku lura da aikin da katangar nan da ƙofofinta ke yi. Mai zuwa daga gari ya baro ƙura da hayaniya, ba ya ganin kome sai bango. Ya shiga wata doguwar ƙofa mai duhu-duhu da sanyi. Yana fitowa daga cikinta sai ga ginin baki ɗaya a gabansa, da hanya miƙaƙƙiya da ruwa suna jan idonsa zuwa gare shi. Tsakanin ƙofar da dandamalin akwai tafiya, kuma da gangan aka yi ta, domin kafin mutum ya isa zuciyarsa ta natsu, muryarsa ta yi ƙasa ba tare da wani dogari ya ce masa ya yi shiru ba. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san ba a faɗa wa cikin gida daga titi: sai an bi zaure, a ratsa ƙofar gida, a bi shigifa. Duk wanda ya tsaya a dandalin ƙofar fada ya ga soron sarki daga nesa ya san abin da faffaɗan fili ke ƙara wa gini na kwarjini. Magabatanmu sun san wannan sarai. Mu ne muka yar.

Amma lambu ba kamar dutse ba ne. Dutse in an ɗora shi ya kan jure sakaci na shekaru ɗari. Lambu kuwa in aka daina biyan mai ban ruwa wata uku, ya tafi. Da ƙarfin daular Mughal ya fara raguwa, kuɗin kula da wurin suka yanke. A ƙarni na 18 mutane suka tare a cikin katangar, suna shuka kayan miya a inda dā a ke furanni. A watan Satumba na 1857, bayan an murƙushe tawayen da aka yi wa Turawan Ingila a Delhi, a nan ne sarkin Mughal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, ya fake, har Kyaftin Hodson ya zo ya kama shi. Wajen 1860 aka yi wa lambun gyara irin na Ingila, aka sa kewayayyun fangulan furanni a gurbin wasu tafkunan da ke kan hanyoyi, aka dasa itatuwa barkatai. Ba mu ce mugunta ta sa su ba. Abin da idonsu ya saba gani a gida shi suka ɗauka shi ne kyau, suka ɗinka wa ginin rigar da ba tasa ba. Da Lord Curzon ya zama Wakilin Sarkin Ingila a Indiya, mutum ne mai son kayan tarihi, ya sa aka maido da tsarin hanyoyin da magudanan, aka shimfiɗa musu jan dutse, aikin da aka yi tsakanin 1903 da 1909. Sa'an nan a 1947, da aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, dubban Musulmi masu gudun hijira suka sauka a cikin lambun, ya zama sansani har wajen shekara biyar. Magudanai suka farfashe, shuke-shuke suka ƙare. Wannan kam ba wanda zai ga laifinsu. Mai neman tsira da ransa ba ya tambayar tarihin inuwar da ya samu.

A 1993 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya, amma magudanan na nan a bushe. Sai a 1997, shekarar da Indiya ta cika 50 da samun mulkin kai, marigayi Aga Khan na Huɗu ya yi alkawarin gyara lambun ya zama kyautarsa ga ƙasar. Gidauniyarsa ta raya al'adu ta haɗa hannu da hukumar kayan tarihi ta Gwamnatin Indiya, aka gama aikin a 2003, a kan kuɗi wajen dala 650,000 ta Amurka.

Yadda aka yi aikin nan shi ya kamata kowane ma'aikacin hukuma ya karanta sau biyu. Ba a fara da sayen furanni ba. An fara da bincike: aka duba tsofaffin littattafai da zane-zane da hotuna, aka haƙa ƙasa a hankali don a gano inda asalin magudanai da rijiyoyi su ke. Aka tarar ƙasa ta taru bisa fangulan cikin ɗaruruwan shekaru, sai da aka kwashe cikin mota 3,000, da hannu, don kada injin ya fasa abin da ke binne. Sa'an nan aka zo kan ruwa, wanda shi ne ran al'amarin. Aka sake shimfiɗa magudanan da gangare na santimita 1 a cikin kowane mita 40. Ku auna wannan a zuci: faɗin farcen ƙaramin yatsa, a tafiyar taki hamsin. Duk mai lambu a fadama ya san dalili. In gangaren ya yi yawa, ruwa ya zura da gudu ya taru a ƙarshe, sama ta bushe. In babu gangare, ya kwanta ya yi gansakuka, sauro ya samu gida. Aka yashe tsofaffin rijiyoyin da aka gano. Aka haƙa ramuka 128 a cikin lambun, waɗanda aikinsu shi ne su kama ruwan sama su tura shi cikin ƙasa, maimakon ya gudu waje, domin rijiyoyin su samu abin sha da rani. Bayan duk wannan ne aka dasa itatuwa da tsirrai wajen 2,500, cikinsu har da mangwaro da lemo da dogon-yaro da yasmin, irin waɗanda aka tabbatar sarakunan Mughal na so.

Wani abin lura kuma, lambun aka fara gyarawa, ginin ya biyo baya. Daga 2007 zuwa 2013 aka yi aikin ginin kansa, aka ɓamɓare kankare mai nauyin tan 1,000 ko kusa da haka daga rufinsa, wanda masu gyaran baya suka riƙa zubawa suna tsammanin maganin yoyo ne, alhali nauyi ya ke ƙara wa ginin yana kuma toshe hanyoyin ruwan da maginan farko suka yi. Aka koma ga farar ƙasa irin ta asali. Da aka zo gina gidan ajiye kayan tarihi na wurin, wanda aka buɗe a 2024, sai aka nutsa shi cikin ƙasa, don kada sabon gini ya tare wa tsoho fuska. Kai, wannan ladabi ne da ba kowane mai ba da kwangila ke da shi ba! Dokar Indiya kuma ta tsaya wa harabar: tun 1992 an hana sabon gini cikin mita 100 daga iyakar kowane abin tarihi da Gwamnatin tsakiya ke karewa, mita 200 da ke biye kuwa sai da izini, aka kuma ƙarfafa wannan da gyaran doka a 2010.

Ba duk abin da aka yi a can mu ke yabawa ba. An shimfiɗa ciyawa mai faɗin hekta 12, irin wadda a ke aske wa kai kullum. Tana da kyaun gani a hoto, amma shan ruwanta ya fi na rakumin da ya kwana bakwai a sahara, kuma masana tarihin lambuna sun nuna cewa lambunan Mughal na asali sun fi cika da itatuwan marmari da furanni masu ƙanshi bisa ga shimfiɗaɗɗiyar ciyawa, wadda ɗabi'ar Ingila ce, ƙasar da ruwa ke sauka kusan kowane wata. In da za mu yi koyi, wannan kashin za mu tsallake.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Biri da gada? Delhi na can, mu muna nan. Dangantakar ta fi yadda a ke zato kusa. Yanayin Delhi ɗan'uwan namu ne: zafin bazara mai wuce awo 40, sa'an nan damina ta wata uku ko huɗu mai sauka da ƙarfi, sai dogon rani. Matsalar mai lambu a can ita ce tasa a Katsina ko Bauci, watau ruwa ya yi yawa a Agusta ya rasa inda za shi, a Afrilu a neme shi a rasa. Itacen nan da ya cika titunanmu, wanda wasu ke kira dogon-yaro, wasu darbejiya, wasu maina, asalinsa daga can ne, a zamanin Turawa aka kawo shi. Mangwaro ma haka. Saboda haka dabarar da ta ci a can ba za ta ƙi ƙasarmu ba.

Abubuwan tarihin kuwa muna da su, doka ma muna da ita. Tun 1953 aka kafa dokar kare kayan tarihi a Nijeriya, a 1979 kuma aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Abubuwan Tunawa ta Ƙasa. A ƙarƙashin dokar farko aka sa gadar ƙarfen nan ta ƙafa da Lugga ya kafa a Zungeru a 1904, wadda daga baya aka ɗauko aka sake kafawa a lambun Gwamnati na Kaduna, cikin abubuwan da a ke karewa, a 1956. Wannan gada ƙaramar aba ce. Da an ajiye ta a bakin kasuwa da tuni an ɗauke ta tarkacen ƙarfe ne. Lambun da aka sa ta ciki shi ya ba ta daraja. Makwancin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, wanda aka buɗe a 1979, shekara 13 bayan kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, ya nuna cewa masu tsara shi sun fahimci abin da mu ke faɗi game da hanya: mai ziyara ya kan bi ta wani lungu mai duhu tukuna, ya hau, sa'an nan ya fito sarari inda kabarin ya ke a buɗe, ba rufi sai sama. Ga ganuwar Kano kuma, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wadda tun 2007 sunanta ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta karɓa. Ba asiri ba ne cewa an ci da yawa daga cikinta: an ɗebi ƙasarta an yi tubali, an yanka filayen gindinta an yi gidaje da shaguna. Ganuwa ba daga sama ta ke fara mutuwa ba. Ranar da aka ba wani fuloti a jikinta, ranar aka yi mata sallar gawa, ko da za ta ƙara shekara ashirin a tsaye.

Mun san akwai masu cewa addini bai yarda da ƙawata kaburbura ba, kuma malamanmu sun daɗe suna faɗin haka. Ba mu kira kowa ya ɗora ƙubba bisa kabari ba. Magana mu ke yi a kan iyaka, da inuwa, da tsabta, da hanyar ruwa, waɗanda hasumiya da ganuwa da tsohuwar rijiya da gidan sarki duk ke bukata, ba makwanci kaɗai ba. Akwai kuma masu cewa, ana fama da asibiti ba magani, makaranta ba benci, wa ke ta furanni? Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma a duba inda kuɗin ke tafiya yanzu. Abin da a ke kashewa wajen shafe fili da kankare, da kafa famfon feshi wanda zai yi aiki ranar buɗewa kaɗai, da fitilu masu launi, ya ninka kuɗin dashe ɗari biyu da albashin mai lambu na shekaru. Fili mai kankare da tsakar rana a watan Afrilu tanda ne, ba mai zama a kai. Ba ƙarin kuɗi mu ke nema ba, sauya musu hanya mu ke nema. Ga talakan birni kuwa, wanda ɗakinsa ɗaya ne da 'ya'ya shida, inuwar da zai zauna kyauta da la'asar ba kayan alatu ba ce.

Sai dai a yi hattara, domin yawancin abubuwan tarihinmu na ƙasa ne, ba na dutse ba, kuma abin da ke raya lambu shi ke kashe ginin ƙasa. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, mai tsawon ƙafa 50 ko kusa da haka, da ganuwoyin biranenmu, babban abokin gābansu shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinsu. Danshi ya hau bango, gishirin ƙasa ya biyo shi, gindin ya riƙa zaizayewa har ginin ya rasa abin tsayawa. Wanda ya shimfiɗa ciyawa har jikin irin wannan bango yana ba ta ruwa safe da yamma, da hannunsa ya ke rushe abin da aka ba shi tsaro. Dole ƙasar da ke kewaye ta gangara waje, ruwan indararo ya samu hanyar da za ta ɗauke shi nesa, a can ne za a haƙa masa ramin da zai nutse. Haka nan wanda ya yaɓe ginin ƙasa da siminti ya kulle danshi a ciki, ya maimaita kuskuren da aka kwashe shekara shida ana warwarewa a Delhi. Maginanmu na da makuba da laso, kuma har yanzu akwai tsofaffin da suka san haɗinsu. A tambaye su tun suna raye.

Zaɓen itace ma sai da sani. Ceɗiya da durumi da gamji sun fi kowa inuwa, amma saiwarsu na tafiya nesa tana neman danshi, tana ɗaga daɓe tana tsaga harsashi. Wurinsu bakin iyaka, can nesa da gini. Tsamiya na da jinkirin girma, amma in ta kafu ta gama, ba ta neman ban ruwa, inuwarta kuwa ba ta yankewa. Maɗaci ya dace da jeri a bakin hanya. Gawo na da wata ɗabi'a tasa shi kaɗai, ya kan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, lokacin da a ke neman inuwa ido rufe. Giginya da dabino ba su tare fuskar gini, domin gangar jikinsu siririya ce, sun dace da inda a ke so ido ya wuce. Lalle ya kan yi shinge mai kyau, furensa da ƙanshi da dare. Kada kuma a cika wuri da iri ɗaya don yana saurin girma, kamar yadda muka yi da dogon-yaro. Cuta ɗaya in ta zo sai ta share duka a shekara guda. Dogon itace kada ya tsaya a kan layin da ke tsakanin ƙofa da abin da aka zo gani. Wannan ƙa'ida ce mai sauƙi, amma sau nawa a ke take ta!

A nan za mu ɗan ratse mu ce, mutanenmu na dā sau da yawa itace ne abin tunawarsu. Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a Barno a 1814, daga kuka ta samo suna. Ga Kasuwar Rimi a Kano, ga Unguwar Rimi a Kaduna. Sardaunan Sakkwato kansa da Gamji a ke masa laƙabi. Al'ummar da ke sa wa birni sunan itace bai kamata a ce sai an koya mata darajar inuwa daga waje ba.

Masu talla da masu sana'a fa? Korar su ba ta taɓa yin amfani ba, gobe za su dawo, kuma suna da gaskiya, domin inda jama'a ke taruwa nan abinci ya ke. Mai tsara haraba na ƙwarai ya kan ware musu wuri tun a takarda, a wajen ƙofa, da rumfuna da wurin zuba shara, ya ware wurin tsayawar motoci, da makewayi, da wurin alwala, da dakalin da tsoho zai huta. In ba a ba su wuri ba, su za su zaɓa da kansu, kuma jikin bangon za su zaɓa.

Yanzu ga ku akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e tun gyaran 1976. Mun san ba ku ke yanke shawara ba, amma ta hannunku takarda ke bi, kuma abin da ba a rubuta ba bai wanzu ba a idon hukuma. Tun dokar filaye ta 1978, filin birni na hannun Gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da shi. Saboda haka abu na farko, kafin a dasa ko da zogale ɗaya, shi ne a kira ma'aunin ƙasa ya auna iyakar kowane abin tarihi da ke yankinku tare da filin da ke kewaye da shi, a kafa duwatsun iyaka, a zana taswira, a ajiye kofe a ofis, a aika kofe ga hukumar kayan tarihi da fadar sarki. Filin da ba shi da taswira, ranar da mai kuɗi ya so shi ya zama nasa. In takardar neman fuloti ta zo teburinku kuka ga ta taɓa gindin ganuwa ko harabar tsohon masallaci, ku rubuta haka a jikin fayil da jan alƙalami, ku sa kwanan wata. Mai sa hannu ya sa yana sane. In lokacin kasafin kuɗi ya zo kuma, ku tuna wa shugabanninku cewa kuɗin gini sau ɗaya a ke biya, na mai lambu kuwa kowane wata ne. A buɗe masa layinsa cikin kuɗin yau da kullum, da na bokiti da igiyar rijiya da kejin kare dashe daga awaki. Lambun Humayun bai lalace don maginin ya yi kuskure ba, ya lalace ne ranar da baitulmali ya daina biya.

Ku kuma malaman makaranta, aikinku ya fi sauƙi, ya kuma fi daɗewa. Kusan kowane gari na da abin da za a kai yara su gani: tsohuwar ƙofa, ko marina, ko kufai, ko rijiyar da aka kafa garin a kanta. Ku kai su da igiyar awo. Su auna faɗin filin, su zana shi a littafi, su nuna inda rana ke faɗuwa, inda ruwa ke bi in an yi sama, inda inuwa ta ke da azahar. Darasin lissafi ne da labarin ƙasa da tarihi a fita ɗaya, kuma zanen yaran zai zama shaida in wata rana aka ce filin bai taɓa kai haka ba. Sa'an nan ku nemi malamin daji ya ba ku iri, a kafa ɗan wurin renon dashe a bayan aji. Irin tsamiya da na gawo suna da taurin ɓawo, sai an jiƙa su ko an ɗan kankare kafin su tsira. Na maɗaci kuwa ba ya jure ajiya, a shuka shi da zarar an tsinto. In aka zuba su a leda tun cikin rani ana ba su ruwa, za su isa dasawa a watan Yuli, sa'ad da ƙasa ta sha sosai. Kowane dashe a haƙa masa rami mai zurfin kamu ɗaya, a zuba taki, a kewaye shi da ƙaya, a rubuta sunan ajin da zai ba shi ruwa har rani biyu.